Injin Iskar da Ke Tofa wa Takarda Ruwa

Akwai wani mai maɗaba'a da kowa ke kira Auta, don shi ne ƙarami a gidansu, kuma sunan ya bi shi har ya tara gemu. Shagon buga takardun na mahaifinsa ne. Da tsohon ya rasu, 'yan'uwa suka ce Auta ya riƙe, tunda shi kaɗai ne a cikinsu ya tashi da warin tawada a hanci.

Auta ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Cutarsa ɗaya ce: in ya faɗi magana, to ko shi kansa ba ya iya janye ta.

Babbar mai kawo wa shagon aiki wata shugabar makaranta ce, suna ce mata Malama Shugaba. Tun zamanin marigayi take buga littattafan karatun ɗalibanta a wurin, kuma ita ta jawo sauran makarantu suka biyo ta. In ta tafi, za su bi ta kamar yadda suka biyo ta. Auta ya san wannan sarai.

Ana shirin tafiya dogon hutu ta zo shagon, ta ƙi zama.

"Auta, bara ka makara. An koma makaranta yara na zaune ba littafi. Na yi shiru saboda darajar mahaifinka. Bana in aka dawo hutu ba ka gama ba, zan kai wani wuri. Ba faɗa ba ne, na dai gaya maka da wuri."

"Malama, bana sai kin ce ya isa haka," in ji Auta, yana dukan ƙirji.

Abin da ke makarar da shi ba bugu ba ne, naɗewa ce. Da hannu suke ninke takardu ɗaya bayan ɗaya har yatsu su yi kanta. Don haka ya je ya sayo injin naɗe takarda. Sai da aka sauke shi a shago aka gaya masa cewa wannan injin ba ya motsi sai da iska mai ƙarfi, wadda za ta riƙa hura takardu tana raba su, tana tura su ciki. Wato sai ya sake sayen wani injin, irin wanda ke matse iska a tanki.

Nan ruɗani ya fara.

Ya tambayi mai faci na bakin titi, ya ce masa, "Kowanne ka samu ɗauka, iska ai iska ce." Ya tambayi mai fentin mota, shi kuma ya shiga yi masa dogon bayani a kan laima da mai da tacewa, har Auta ya daina ji yana gyaɗa kai kawai. Ya koma gida kansa ya fi cika fiye da yadda ya fita.

A wurin dillalin injuna aka nuna masa guda biyu. Ɗaya yana cikin akwatin ƙarfe, in an kunna shi sai ka ji kamar firij. Ɗayan ja ne, ƙato, da tanki kamar randa a kwance, in ya tashi har ƙasa tana rawa.

Dillali ya ce, "Iska nawa injin naka ke sha? Yini zai yi yana aiki ko lokaci-lokaci? Kuma a ina za ka ajiye shi?"

Ko ɗaya Auta bai san amsarta ba. Maimakon ya ce bai sani ba, sai ya gyara tsayuwa.

"Ba ni wanda ya fi girma."

"Wannan na akwatin fa ya fi dacewa da aikin takarda. Ba ƙara, kuma yana da na'urar busar da iska a jikinsa."

Auta ya kwashe da dariya. "Busar da iska? Malam, iska wanki ce da za a shanya ta? Kuma injin da ba ya ƙara, wa zai san ka saya?"

Dillali ya ɗaga kafaɗa. Mai kaya ya zaɓa, shi me nasa? Aka ɗora jan inji a mota.

Da aka kunna shi cikin shago, ko waya ba a ji. Dogo, wanda shi ke kula da injuna tun zamanin marigayi, ya ce a kai shi filin bayan shago inda iska ke kaɗawa, a ja masa bututu. Auta ya ce wannan aikin ɓata lokaci ne. Akwai wani siririn lungu tsakanin shagon da gidan maƙwabci, nan ya fi kusa. Aka tura injin ciki da ƙyar, aka huda bango aka zura tiyo. Saboda ɓarayi da ruwan sama, Auta ya sa aka rufe saman lungun da kwano ruf, aka sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo.

Ya tsaya yana jin rugugin ta bayan ƙofa, yana murmushi. Duk wanda ya wuce sai ya waiga.

Maƙwabcin nan kuwa wani dattijo ne, Baba Mai Wanki, abokin marigayi. Wanki da guga yake yi a cikin gidansa, yana zaune da matarsa Inna. Auta yana yaro, gidan nan ne wurin ɓuyansa in ya yi laifi. Amma tun da ya zama mai shago, gaisuwar bakin ƙofa kawai ta rage tsakaninsu.

Kashegari sai ga Baba ya yi sallama, yana goge hannu da tawul.

"Auta, Allah ya sanya alheri. Na ji mun yi sabon inji."

"Amin, Baba. Ai ci gaba ne."

"Haka ne. Sai dai alfarma na zo nema. Bangon nan da ka jingina shi, na ɗakin Innarka ne. Ka san jikinta. Ciwon kai ba ya barinta runtsawa sai gari ya waye, da rana take ɗan samun barci. To yanzu ranar ma ta gagara. Ko za ka matsar da shi baya?"

Da a ce su biyu ne kawai, wataƙila da Auta ya ji. Amma akwai masu jiran aiki a zaune, ga Dogo yana kallonsa da idon "ai na gaya maka". Girman kai ya taso masa.

"Baba, lungun nan na shago ne. An riga an kafa, an yi rufi, an huda bango. Ku yi haƙuri, za ta saba."

Baba ya ce, "To, ɗana. Allah ya ba da sa'a." Ya juya ya fita.

Ranar da aka fara naɗe littattafan Malama Shugaba, abin gwanin sha'awa. Takardu na shiga suna fita a ninke, tas-tas. Auta har ya ɗauki hoto. Can da hantsi ya yi, sai Dogo ya tsayar da inji.

"Maigida, zo ka gani."

A kan takardun akwai ɗige-ɗigen ruwa, wasu da ɗan jan tsatsa. Inda ruwan ya taɓa, tawada ta baje, takarda ta kumbura ta manne da 'yar'uwarta. Injin ya riƙa jan biyu-biyu yana yamutsa su.

Auta ya ɗaga kai ya dubi silin. Ba yoyo. Ko hadari babu a sama. Ya dubi Dogo.

"Gumi kake ɗiga a kai?"

"Haba Maigida, gumi mai tsatsa?"

Suka sa hannu a bakin 'yan ramukan da ke hura iska. Hannun ya jiƙe. Inji ne ke tofa ruwa.

"To a ina ya samu? Wa ya ba shi ruwa? Mun zuba masa ne?" in ji Auta.



Aka kira bakanike. Sai bayan la'asar ya iso, don shi mutum ne mai jama'a. Ya tsugunna a lungu, ya murɗa wani ɗan famfo da ke ƙarƙashin tankin, wanda Auta bai ma san da shi ba. Jan ruwa ya tsiyayo kusan cikin bokiti.

"Ka gani? Duk injin iska yana tara ruwa. Kullum ku riƙa zubarwa, shi ke nan."

Aka kunna, takardu suka fita a bushe. Auta ya sallame shi da godiya, ya kwana da daɗin rai.

Da safe aka zubar da ruwa kamar yadda aka ce. Kafin hantsi ya ɗaga, sai ga ɗige-ɗige sun dawo, har sun fi na jiya.

Bakanike ya sake zuwa da yamma. Ya kunna, ya jira, ya sa farar takarda a bakin iska. Ko ɗigo. Ya dubi Auta irin kallon da ake wa mai ƙorafin banza.

"Ni dai lafiya lau na gan shi."

"Wallahi da safe ruwa yake yi!"

"To inji yana da agogo ne?"

Duk da haka ya ɗaura masa wata 'yar kwalba a jikin tiyo, mai tare ruwa. Kashegari kwalbar ta cika ta tumbatsa kafin a gama tari ɗaya. Aka canza tiyo. Aka canza mai. Wani ya ce takardar ce ke shan sanyi, aka kwashe ta aka ɗora a kan katako. Wani ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi, aka koma janareta. Auta har wurin dillali ya koma ya yi masa masifa, dillali ya tuna masa maganar shanya, ya fito yana huci.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, wata rana sai injin ya wayi gari lafiya ƙalau, a yi aiki har yamma ba ɗigo. Auta ya ce alhamdulillahi, canjin man ne ya yi. Gobe kuma ruwa ya dawo. Ya rasa abin da zai kama. Har ya kai ga lura da rigar da ya sa a ranar da inji ya yi lafiya, ya sake saka ta. Rigar ba ta yi komai ba.

Tarin takardun da suka lalace ya kai ƙugun mutum a kusurwar shago. Kowace da ta ɓaci sai an sake bugawa, bugu kuma yana cin lokaci. Hutu yana ta ƙarewa. Malama Shugaba ta bugo waya, Auta ya ce an kusa. Ta sake bugowa, ya bar wayar tana ringi har ta gaji.

A gida abinci ya daina wuce masa. Matarsa ta ce, "Wai ni ba ka ce injin nan hutu zai kawo mana ba?"

"Don Allah ki bar ni. Ni kaina ban san abin da ke faruwa ba."

A tsakanin nan Baba Mai Wanki ya sake dawowa sau ɗaya. Bai ma shiga ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Auta, ko da na ɗan lokaci ne da rana, a riƙa kashe shi ta samu ta..."

"Baba, don girman Allah! Ina cikin bala'i kana yi mini maganar barci?"

Dattijon ya juya ya koma gida.

Saura kwanaki kaɗan a koma makaranta, Dogo ya matso kusa da Auta yana rage murya.

"Maigida, akwai abin da na lura, amma ina tsoron faɗa."

"Faɗi mana."

"Duk ranar da injin nan ya yi lafiya, to ƙofar gidan Baba a kulle take. Ranar da yake kai Inna asibiti ke nan. In yana gida kuwa, ruwa ne."

 Auta ya shiga lissafi a ransa, ya ga haka ne.  Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi. Wato tsohon nan ne ke ramuwa! Ko dai yana watso ruwa ta wata kafa, ko kuma wani abin ne da ya fi ƙarfin bakanike. Mutumin da ruwa ne sana'arsa!

"Maigida, ni ban ce shi ne ba fa," in ji Dogo.

Auta bai tsaya ji ba. Inji na ruri a lungu, ya fita fuu, ya faɗa gidan Baba da sallamar da ba ta jira amsa ba.

Rabonsa da cikin gidan nan ya manta. Ya ratsa ta tsakanin zannuwan gado da aka shanya, bakinsa cike da maganar da zai faɗa. Ƙofar ɗakin Inna a buɗe take, sai idonsa ya faɗa ciki.

Ya tsaya cak.

A cikin ɗakin, ƙarar ba irin ta waje ba ce. Bangon kansa ne ke kaɗawa. Kwanukan jere da ke kan kantar ɗakin suna ta karo da juna, garin siminti yana zubowa a kan gado. An sauko da katifa ƙasa, an ja ta can ƙarshen ɗaki, iyakar nisan da za a iya. Inna na kwance a kai, ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali, an cusa mata auduga a kunne. Ta rame har Auta ya so ya kasa gane ta. Idanunta a buɗe suke, jajur.

Ta juyo a hankali. Ta daɗe tana kallonsa, sannan fuskarta ta saki.

"Auta ne? Ikon Allah. Yau kai ne a gidanmu? Shigo mana, ɗan nan. Ka rame. Aikin ne?"

Duk maganar da ya ɗauko ta zube. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce, "Sannu, Inna."

Baba ya fito daga ɗakin wanki, jikinsa sharkaf da gumi. "Lafiya, Auta?"

"Lafiya, Baba. Gaisuwa na zo."

Ya koma shago ya kashe injin da hannunsa. Dogo ya zaro ido.

"Gobe da safe a nemo masu ɗauka. Baya za mu mayar da shi."

"Maigida, jan bututu zai ci mana kwanakin da suka rage fa. Kuma ruwan?"

"Ruwa ya yi ta zuba. Na ce a ɗauke shi daga bangon nan."

Kashegari da sassafe masu aiki suka zo. Auta bai taɓa shiga lungun da safe ba, kullum Dogo ke buɗewa ya murɗa famfo a gurguje ya fito. Yau da kansa ya buɗe ƙofar ƙarfen. Wani ɗumi mai laima ya buge shi a fuska, kamar ya buɗe murfin tukunya. Ƙasan kwanon rufin duk ya jiƙe, yana ɗiga.

Ya ɗaga kai. Can sama a bangon Baba, bayan injin, akwai wata 'yar taga da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Farin tururi na fitowa ta cikinta, yana taruwa a ƙarƙashin kwanon da Auta ya sa aka rufe, ba hanyar fita. Daidai ƙasan tagar kuma bakin da injin ke shaƙar iska yake.

Tagar ɗakin wanki ce. Kowace safiya Baba na tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya don wanke fararen zannuwa. Kafin la'asar ya gama, shi ya sa bakanike bai taɓa ganin komai ba. Shekara da shekaru tururin nan yana fita ta lungu ya bi iska. Auta ne ya zo ya yi masa rufi, ya ajiye masa inji yana zuƙe shi yana aikawa kan takarda.

Ya jingina da bango. Ba asiri, ba ramuwa. Shi ya haɗa abinsa da hannunsa.

Aka mayar da injin fili, aka ja bututu, aka sayo na'urar busar da iskar da ya taɓa yi wa dariya aka ɗaura. Ranar da aka gama, iska ta fito a bushe, takardu suka riƙa wucewa ba ko tabo. A ranar ne kuma aka koma makaranta, littattafai ko rabi ba su kai ba.

Malama Shugaba ta zo da mota da direba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malama, wallahi an gyara. Ki ba ni 'yan kwanaki kawai."

"Yara suna aji yanzu haka, Auta. Na kira ka ba ka ɗauka ba. Da ka gaya mini gaskiya da wuri, da mun san yadda muka yi. A kwashe mini abin da aka buga."

Yana tsaye aka loda takardun a mota. Kafin wata ya ƙare, sauran makarantun ma suka janye ɗaya bayan ɗaya. Shagon da marigayi ya bari cike da aiki ya koma sai ɗan katin gayyata jefi-jefi. Sabon injin naɗewa aka lulluɓe shi da leda.

Wata rana da yamma Auta na zaune shi kaɗai a bakin shago, sai ga Baba Mai Wanki. Ya zauna kusa da shi a kan benci.

"Innarka ta ce in yi maka godiya. Tana samun barci yanzu, har abinci ta fara ci. Ta ce Allah ya yi maka albarka."

Auta ya sunkuyar da kai. Godiyar ta fi zagi yi masa zafi. Sai ya kwashe labarin duka ya gaya wa dattijon, har da zargin da ya kai shi gidan.

Baba ya riƙe haɓa. "Tururin nawa? Shi ya ɓata maka aiki? Subhanallahi! Ai da na sani da na toshe tagar da tsumma, in sha zafina. Me ya sa ba ka gaya mini ba, ɗana?"

Hawaye ya cika idon Auta.

"Ban sani ba, Baba. Na je wurin bakanike, na je wurin dillali, na tambayi duk wanda ya wuce. Kai kaɗai ne ka zo har ƙofata da ƙafarka ka ce in matsar da shi, kai kaɗai ne kuma na kora."

Darasi: Idan maƙwabci ya zo maka da kuka, ka taka ka je ka ga abin da ke damunsa kafin ka ce a'a. Sau da yawa cutar da kake yi wa wani ita ce ke cin ka ba ka sani ba, kuma sauƙin da ka hana shi naka ne ka hana. Kada kuma kunyar cewa "ban sani ba" ta sa ka sayi abin da ba ka fahimta ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila akwai wanda aka roƙa alfarma yau yake shirin cewa a yi haƙuri za a saba.